Robar da Baba zai zaɓa

Yaya,

Na fita da sassafe, Baba bai tashi ba. Robar jan takarda da na sa wa injin kwafin ofis jiya ta kunyata ni. Bibbiyu take ja, har shafi guda ya ɓace a takardun taro. Manaja ya ce in gyara yau, ko su nemo wani.

Ga sababbi uku kan tebur, lambarsu ɗaya, na rasa ta ɗauka. Ki miƙa wa Baba ya murza su da yatsa. Ko ba ido yanzu, hannunsa na tsohon mai gyaran inji ya san ta gari. Wadda ya zaɓa ki ware min, ƙarfe goma zan dawo.

Ki ba shi haƙuri. Jiya ya nemi ya taɓa waccan robar kafin in sa ta, na ce masa zamaninsa ya wuce.

Ƙaninki