Angona ya fito daga ruwa

Asabar, bayan isha

Ƙafafuna ciwo suke yi kamar ni na yi gasar. Yau jikana Sadiƙu, angon nawa, ya fara shiga tseren nan na dam ɗin Gubi: iyo, keke, sannan gudu.

Da suka faɗa dam ɗin, kawuna kawai nake hange, huluna iri ɗaya, ana ta shurin juna. Na kasa gane nawa. Na ja carbi har yatsana ya yi zafi.

Ya fito yana tangaɗi, ya tarar da kekuna jere, ya manta inda ya ajiye nasa. Ni kuwa tun safe na ɗaura wa keken jan kallabina a ɓoye. Na ɗaga murya na ce, "Ango, nemi kallabin matarka." Kowa ya yi dariya, amma ya gani.

Cikin na ƙarshe ya iso, ya zube ƙasa. Na ce zan koma wa wanda ya zo na ɗaya. Ya ce, "Kaka, bari in numfasa tukuna, sai mu yi maganar saki."

Ya gama, ya dawo mini lafiya. Alhamdulillahi.