Kafin Ka Amsa wa Mutanen Bakin Teku

Baban Na'ima, hasken idona, inuwata, ruwan sanyina, mai ɓata min rai fiye da kowa a duniya!

Saƙon muryarka ya same ni a jirgin ƙasa a nan London, tsakanin Whitechapel da Barking, na saurara har ƙarshe. Ka ba ni labarin katangun dutse da suka yayyanka gonaki har bakin teku, da yadda kakannin mutanen ƙauyen da kake aiki a Ireland suke goyon ciyawar teku su shimfiɗa a kan dutse har ya zama ƙasar noma. Ka ba ni labarin shekarun da dankali ya ruɓe, yunwa ta cinye ƙauyen, waɗanda suka tsira suka hau jirgin ruwa. Sai a ƙarshe, kamar wanda ya tuna ya bar fitila a kunne, ka ce sun roƙe ka ka zama likitansu na dindindin. Ni fa? Matattun Ireland sun samu hawayenka, matarka mai rai ko kalmar kewa ba ta samu ba!

Kada ka koya min tarihinsu. Na karanta shi tun ba ka iya faɗin sunan garin Galway ba.

Ka tuna ranar da ka kai ni tsibirin makabartarsu, wanda ba a taka shi sai ruwa ya janye? Ka ce a nan ko gawa sai ta jira teku. Muna tsakiyar yashi ruwa ya juyo, ka fizgi hannuna muka zura da gudu, zanena sharkaf, ina masifa kana dariya. Wallahi ban taɓa son ka kamar ranar ba. Kai ne tekun nan, mijina: ka janye ka bar ni tsaye da takalmi a hannu, ban san yaushe za ka dawo ba.

Ƙauyen ba masallaci, ba mai jin Hausa. In ajali ya riske mu a can, wa zai yi mana wanka, wa zai sallace mu? Ka yi wannan tunanin? Ni na yi, har abinci ya daina shiga.

Duk da haka zan iya barin aikina, da gidanmu, da ƙawayena. Amma ba da sanarwa ba. Roƙona za ka yi! Kada ka ba su amsa. Na sayi tikitin jirgi na Juma'a. Ka zo filin jirgi da kanka, ka dubi idona ka tambaye ni. Ni kaina ban san me zan ce ba.

Taka ce ni, da fushina da komai, har numfashin ƙarshe,
Karimatu