Man da nake ɓoyewa a miyar maigidana

Assalamu alaikum Anti, da ku masu karatu. Ku ɓoye sunana, kuma don Allah ku ji ƙarshe kafin ku zage ni, ni ma ƙyamar kaina nake ji.

A garin Greensboro na Amurka muke zaune da maigidana. Bara likita ta ce masa sugansa na hawa, ko ya rage ƙiba ko a ɗora shi kan magani. Bawan Allah ya ajiye mota, daga gidanmu a unguwar Glenwood har ofishinsu da ke Elm Street a ƙafa yake zuwa, in ya tashi ya biya jim, wurin motsa jiki. Na ce to ai shi ke nan, mai wannan zufa me ya rage masa? Sai ga shi da ɗan sikeli ya ɗora min a kicin, wai motsa jiki kaɗai ba ya isa, sai an ƙirga kalori, wato ƙarfin abincin da ke shiga jiki. Wayarsa da ke masa lissafin ba ta san tuwon shinkafa ba balle miyar taushe, don haka ni yake tambaya: "Maman Ummi, cokali nawa na mai kika sa?" In ce biyu, ya rubuta.

Ni da na tashi a gidan da ake tuttula mai har sai ya taso saman miya, ni za a ce in auna da cokali? Na gwada sati guda, wallahi miyar kamar ruwan wanke-wanke, ko kallonta ba na son yi. Sai na koma hannuna na da. In zuba man gyaɗa yadda na saba, in ƙara tunkuza da man shanu, in yi ta juyawa har man ya ɓace a ciki, in ya tambaya in ce biyu. Na ce a raina mai tafiyar nan ai zai ƙone shi a hanya. Har yabo yake: "Kin ga? Ashe ba mai ne daɗin miya ba." Ni kuwa in yi murmushi, tir da ni.

Watanni sun shuɗe, nauyinsa ko gezau, sugan ma ya ƙaru. Ya daina shayi da madara, ya ƙara gudu har gwiwarsa ta kumbura. Shekaranjiya na raka shi asibiti, ya nuna wa likita lissafinsa. Ta duba ta ce in dai abin da yake ci ke nan, to akwai wani ciwo a ɓoye, sai an yi gwaje-gwaje mako mai zuwa. Ina zaune a gefensa, na bar ta ta sa masa ranar gwajin. Wace irin mace ce ni?

Da muka dawo ko abinci bai taɓa ba. Ya zaunar da ni yana nuna min inda takardun gida suke, da wanda zan kira a masallaci in ta Allah ta kasance. Sannan ya ce, "Ke dai kin yi iya ƙoƙarinki, ki yafe min wahalar girkin da na sa ki."

In na yi shiru, zai yi ta zama da tsoron ciwon da ni na san a tukunyata yake. In na faɗa, mutumin da bai taɓa leƙa tukunyata ba saboda ya yarda da ni, da wane ido zai ci abincina gobe? Me zan yi?