Zobe a Tsakiyar Sabulun Maren

Anti Marlys,

Don Allah ki taimake ni, ban san wanda zan tambaya ba in ba ke ba. Na san filinki a jarida na sabulu ne da kyandir da adana tumatir a kwalba, kuma tambayata ta sabulu ce, amma in na kauce hanya ki yi haƙuri da ni.

Shekara shida ina haɗa sabulu a gida, irin wanda ba a ɗorawa a wuta, a kwaɓa mai da ruwan soda a zuba a akwati ya daskare da kansa. Ni ba gwana ba ce, sai dai ban taɓa jin kunyar baje nawa a kasuwar manoma ta Asabar ba. Sati uku da suka wuce na yanka wani zubi, na ga kowane yanki da duhu a tsakiya, wani zagaye kamar zobe, ruwan ƙasa, mai siffar ƙwai, gefe kuma fari tas. Goma na yanka, goman duk haka. Da wani zubi ne, da na taɓe baki na raba wa maƙwabta. Wannan da nonona na yi shi.

'Yata Maren bakwaini ce. Na haife ta a watan Agusta, ta yi kwana hamsin da uku a kwalba a wani asibiti a garin Duluth. Ba ta taɓa kama nono ba, ta roba ake zura mata ta hanci, abin da bai fi cokali ba. Ni kuwa duk bayan awa uku ina tatsa, ina ɗurawa a leda, ina rubuta kwanan wata, don nas-nas sun ce za ta girma ta shanye. Ba ta shanye ba. Ta rasu a Oktoba, ta bar mini leda arba'in da ɗaya a firizan gareji, kusa da naman barewar da mijina ya harbo bara.

Matan coci sun yi iya ƙoƙarinsu, sun cika mana gida da kwanukan abinci har muka rasa wurin ajiyewa. Ɗaya daga cikinsu har ta tambaye ni ko akwai sarari a firiza. Na ce babu, na rufe ƙofa. Har yau ban mayar mata da kwanonta ba.

Ga inda na yi wauta. Leda shida na ciro, na auna man zaitun da na kwakwa, komai ya tafi daidai. Na sani sarai cewa sabulun madara firiza ake sa shi da zarar an zuba, don zaƙin da ke ciki yana tayar da zafi. A filinki na karanta, ba sau ɗaya ba. Na ɗauki akwatin katakon na je har gaban firiza, na buɗe, sanyin ya bugi fuskata, sai na kasa. Akwatin da ɗumi a hannuna, Anti, kuma nauyinsa bai fi na Maren da yawa ba. Na juya na naɗe shi da ɗan bargon da surukata Darlene ta saƙa mata, na ajiye a teburin gareji cikin sanyin nan na Janairu. Ban ba shi sanyi ba, ban ba shi ɗumin kirki ba. Yanzu gani nake na ƙona abu ɗaya tak da na iya yi mata.

Sai maganar mijina, bari in kira shi Wade. Tun Nuwamba yake so mu kai nonon wurin da ake tara shi don bakwainin da iyayensu mata ba su da shi. Matar da ya yi magana da ita a wurin ta ce suna da wa'adi, ledojin Agusta in sun wuce Fabrairu ba za su karɓa ba. Ranar da na yanka sabulun ya shigo ya same ni a tsaye a kansa. Ya duba, ya ce ai da kyau. Na san ƙarya yake, ya san na sani. Sai ya tambaya a hankali ko ya kira matar nan game da sauran. Na ce masa ba shi ya tatsa ba, ko ɗigo ɗaya babu nasa a ciki, saboda haka ya cire bakinsa. Ya ɗauki hularsa ya fita share dusar ƙanƙarar da ya riga ya share da safe.

Tun ranar gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Abincin rana a mota yake ci. Ina jin kunyar abin da na faɗa, kuma ina jin haushinsa har yanzu, duka biyun a lokaci ɗaya. In na ba da nonon, firizan zai zama na nama kawai, kamar ba a taɓa yin ta ba. In na riƙe, ina tsoron in sake ɓata wasu shida, da wasu shidan, har su ƙare.

Sabulun ya lalace ne? Yaya zan yi kada zoben ya sake fitowa? Kuma wa ke da gaskiya, ni ko shi?

Mai tatsa a banza,
daga arewacin Minnesota


'Yata,

Da farko ki canza wannan suna da kika sa wa kanki, ban karɓa ba. Kwana hamsin da uku da Maren ta yi, da nononki ta yi su.

Sabulunki bai lalace ba, kuma ba ki ƙona komai ba. Madarar da ta ƙone tun wajen haɗa ta da soda take nuna kanta, launinta ya koma ruwan lemo, ta yi warin da ba a mantawa. Naki zafi ne ya taru a tsakiya ya narkar da ita, katako da bargo suka riƙe shi, sanyin gareji ya hana shi kaiwa gefe. Launi ne kawai ya bambanta. Ki bar shi ya sha iska sati shida, sannan ki jiƙa yatsa ki goga a jikin sabulun ki taɓa harshenki. In bai ja ki kamar batir ba, sabulu ne lafiyayye ciki da waje. Zoben zai ɗan dushe, amma ba zai tafi duka ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Shekara talatin ina wannan sana'a, irinsa da na yanka ba su ƙirguwa, kuma duk mun yi wanka da su.

Don gaba, hanya biyu ce: a ba shi ɗumi ko'ina, ko a hana shi zafi gaba ɗaya. Ta farkon ba ta madara ba ce, sabulun yana iya tsagewa ko ya yi duhu duka. Saura ta biyu, kuma ba dole sai da firiza ba. Ki ajiye akwatin katakon nan. Ki samo ƙananan mazubai na roba, kowanne sabulu ɗaya, don ƙaramin zubi ba ya tara zafi. Ki zuba sodar kaɗan-kaɗan a kan nonon yana ƙanƙara, kwanon kuma a cikin ruwan ƙanƙara. Ki bar man ya huce har ya daina ɗumi a hannu. In kin zuba, ki jera su a kan ragar waya a ɗaki mai sanyi, iska na ratsa ƙasa da sama, kada ki rufa musu komai. Amma ki fara gwadawa da madarar akuya sau biyu, hannunki ya saba kafin ki taɓa na Maren. Da wannan hanya leda biyu sun ishe ki sabulu huɗu masu kyau.

Kin ga ke nan saura talatin da uku, kuma a nan ne ba zan yanke miki hukunci ba. Daga jikinki ya fito, ba mai ikon fitar da shi daga gidan sai kin yarda, kuma uwar da ta riƙe ba ta yi laifi ba. In wa'adin ya wuce, ya wuce. Amma maganar da kika gaya wa Wade ba gaskiya ba ce, kuma kin sani, shi ya sa take cin ki. Shi ma 'ya ya binne. Ke kina da abin riƙewa a hannu, shi ba shi da komai, kullum sai ya wuce ta gaban firizan nan kafin ya shiga mota. Wataƙila so yake a ce wani yaro ya koma gida saboda Maren. Wataƙila wani dalilin ne. Ban sani ba, ke ma ba ki sani ba, don a duk wasiƙarki ban ga inda kika tambaye shi ba.

Ki ba shi haƙuri a kan kalmar nan ita kaɗai, ba sai kin haɗa da alkawarin ba da nonon ba. Sannan ki tambaye shi me ya sa yake so, ki yi shiru har ya gama, ko da zai daɗe bai fara ba. Bayan nan ku buɗe firizan tare ku yanke abin da za ku ajiye da abin da za ku bayar, ko rabi, ko duka, ko babu. In maganar ta fi ƙarfinku, ku nemi fastonku ko ƙungiyar iyayen da suka yi irin rashinku, ba abin kunya ba ne.

Kada ki jira Fabrairu. Nono yana iya zama a firiza har lokacin, mijinki kuwa sati uku ke nan yana cin abinci shi kaɗai a mota. Ki fita ki ƙwanƙwasa masa gilashi gobe da rana.

Allah ya ba ku dangana ku biyun, ya sanyaya muku zuciya.

Anti Marlys