Ni Na Ɓamɓare Shafin, Ba Hanan Ba

Zuwa ga Mudira, shugabar makarantar 'yata da ke unguwar Waziriyya, Jidda.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da malamanki, ni ne mahaifin Hanan, yarinyar da kuka kora gida ranar Lahadi bisa laifin lalata littafin tarihi. Sau biyu ina zuwa, mai gadi yana cewa kina taro, shi ya sa na rubuto a fili. Ki yi haƙuri da rubutuna. A aji huɗu muka rabu da makaranta, kuma babu wanda ya yi kukan rabuwar, har malaman. Sana'ata gyaran takalma ce a unguwar Nuzla.

Na ɗaya. Ranki ya daɗe, kun kama wadda ba ta yi ba. Ranar Alhamis Hanan ta biyo rumfata da littafin, ta ce shafuka biyu sun manne. Ni kuwa shekara talatin ina zama da gam, in na ga abu a manne ba a kan ƙa'ida ba sai hannuna ya soma ƙaiƙayi. Na ɗauka shayi wani ya zubar. Na ɗora buta, na kara takardar a tururi, na bi da bakin wuƙa a hankali. Ko harafi ɗaya bai tashi ba. Har na yi wa kaina kirari. Ina zan san da gangan kuka liƙe? Ban taɓa jin makarantar da ke raba littafi sannan ta rufe shi ba. Kuma wanda ya sayo muku wannan gam ɗin ya cuce ku, ko silifas ba zai riƙe ba.

Na biyu. Abin da muka tarar a ciki. Hoto ne, fari da baƙi: takalma jibge a ɗaki har kusa da rufi. Ni in na ga takalma da yawa wuri ɗaya, na san ƙofar masallaci ce, masu su suna ciki, yanzu za su fito ana ture-ture. Haka na ce wa Hanan, ina dariya. Sai ta karanta rubutun Turancin da ke ƙasa, ta juya mini shi rabi Hausa rabi Larabci, don Hausarta iyakarta kicin. Ta ce na Yahudawan Turai ne. A Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin Jamus ta tattara su a jiragen ƙasa, tsofaffi da jarirai, ta kai su sansanoni, ta kashe kusan miliyan shida, ba don sun ɗauki makami ba, sai don asalinsu kawai. Nan take na daina dariya.

Na sa tabarau na duba da kyau, don Turanci ya fi ƙarfina amma takalmi ina karanta shi. Akwai na mata masu tsini, akwai na ma'aikata. Can gefe akwai wani ɗan ƙarami, da alama an sake masa dunduniya. Wani baduku irina ya zauna ya yi wannan aikin. Wata uwa ta kai masa, ta ce a ƙarfafa shi, yaron zai daɗe yana sawa.

Na uku. Tambayoyin da ban da amsarsu. Hanan ta tambaye ni maƙwabtansu suna ina aka kwashe su. Ta tambayi wa ya tuƙa jiragen. Ta tambayi ko sai da aka fara rubuta asalin mutum a katinsa, tana maganar tana kallon aljihun da nake ajiye iƙamata, katin izinin zamana a ƙasar nan. Na ce mata yalla, maza ta kai wa malama, ai aikinsu ne. Ta kai. Maimakon amsa, sai aka kamo littafin aka ga a buɗe. Ashe ni na tura ta da hannuna.

Ni ma ina son sani, wallahi. An ce ƙasar masu ilmi ce, masu likitoci da injiniyoyi. To yaya karatu ya kasa hana su? Ni da ban yi ba, na ɗauka shi ne maganin irin wannan, shi ya sa nake ɗinkin da nake yi don ta zauna a ajinku.

Na huɗu, kuma a nan kunyata take. Tun muna buga ƙwallo a lungunan Nuzla ake kirana da sunan shugaban Jamusawan nan mai guntun gashin-baki, saboda ba na ragawa a baya. Na sha amsawa da ƙirji a buɗe. Na ɗauka wani gwarzo ne da ya wahalar da Ingilishi. Har jikin rumfata wani ya rubuta shi da fenti. Hanan ta dubi hoton, ta dubi bangon. Da yamma na sayo fenti. Da wani malami ya buɗe mini wannan shafin ina yaro, da ban yi shekara talatin ina yawo da sunan ba.

Na biyar. Na san abin da za a ce: ga halin da Falasɗinawa suke ciki. Ranki ya daɗe, ni ma ina kuka a kansu, ina sa su a addu'a kowace salla, kuma ba zan daina ba. Amma mai ɗan takalmin nan bai zalunci kowa ba. Ban ga yadda tausayinsa zai rage wa yaron Gaza komai ba. Idan akwai dalilin da ƙwaƙwalwar aji huɗu ba ta kai gare shi ba, a kira ni a faɗa mini, zan zo da wankakkiyar riga.

Roƙona uku ne. A mayar da Hanan aji kafin jarrabawar da za a fara mako mai zuwa, kar shekararta ta tafi a kan karambanin ubanta. In dole sai an hukunta wani, ga ni, ina iya tsayuwa a bakin allo da ƙafa ɗaya, na saba. Sannan a samu malama ɗaya ta zauna da yaran ta amsa musu, ko da rabin sa'a ne.

An aiko mini cewa in maido da littafin yadda yake, halas, shi ke nan, magana ta wuce. Littafin zai dawo. Takalman malamanku ma a turo, zan liƙe su kyauta, da gam na gaske. Amma wannan shafin, ki gafarce ni, hannuna ba zai rufe shi ba.

Allah Ya ƙara miki lafiya da basira, Ya sa albarka a makarantarki, Ya tsare 'ya'yan kowa.

Wassalam.

Abu Hanan,
mai gyaran takalma, Nuzla, Jidda.