Ranar da Na Amsa Sunanka a Kan Dutsen Ƙanƙara

Zuwa ga abokina Bitrus Dogo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan Ubangiji ya yi maka sassauci a inda kake. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba. Babu gidan wayar da zan kai ta, babu direban da zan ba wa saƙo. Amma tun da na dawo wata magana take tokare ni a ƙirji, kuma in ba kai ba, ban san wanda zan faɗa wa ba.

Bari in fara da labarin gida, yadda muka saba in mun haɗu a bakin ƙofar masaƙa da safe. Damina ta sauka, kogi ya fara cika. An rage ma'aikata a sashen rini, kowa yana aiki da fargaba. Layin da ake yi na sayen sabulu da madara yana nan yadda ka bar shi, sai ma abin da ya ƙaru. Emeka bakanike ya gyara babur ɗinka, ƙaninka ne yake hawa yanzu. 'Yarka Ladi ta yi giɓi, kuma tsayinka ta ɗauko. Ni kuma an ba ni shugabancin sashen injinan saƙa. Kujerarka ce. Na sani, kowa ma a Kakuri, unguwar masaƙa, ya sani.

Ka tuna ranar da aka ce kai kamfani zai tura Suwizalan ka koyo aikin sababbin injina? Tun daga gidanka a Sabon Tasha ka zo a kan babur har ƙofar gidana a Tudun Wada kana danna oda kamar an yi maka haihuwa. Akwai wata kalanda a ofishin manaja mai hoton wani Bature a kan katakai biyu yana zamiya a kan dusar ƙanƙara daga saman dutse. Ka ce sai ka yi wannan kafin ka dawo, wai kai ɗan dutse ne, a duwatsun Kagoro ka girma, za ka nuna wa Turawa yadda ake sauka. Na ce ƙafa za ka karya. Ka yi dariya ka ce ni mutumin fili ne, me na sani?

Sai zazzaɓin nan ya kwantar da kai. Kafin mu ankara mun raka ka makwanci.

Ba a daɗe ba manaja ya kira ni ya ce sunana ne ya maye gurbin naka. Na sunkuyar da kai na ce Allah ya jiƙan Bitrus. Amma Dogo, zuciyata tsalle ta yi. Kafin in gama sauka daga matakalar ofishin har na fara tunanin hoton fasfo. Ƙasar kabarinka ba ta gama kwantawa ba a lokacin. Wane irin aboki ne wannan?

Da na je sallama, Maman Ladi ta ɗauko rigar sanyin da ka saya a gwanjo ta ba ni, ta ce kada ta lalace a akwati. Hannun rigar ya yi mini tsawo, sai da na riƙa naɗe shi.

Wanda ya karɓe ni a can wani dattijon injiniya ne mai suna Hans. Takardun da aka fara aika musu da sunanka suke, shi kuma ya riga ya haddace. Pita yake kirana, wato Bitrus a bakinsu. Na gyara masa da farko, na ce Salisu nake, Pita ya rasu. Ya yi mini ta'aziyya da gaske, washegari ya manta. Daga nan na ƙyale shi. Na ce wa kaina ai tsoho ne.

Shi ne ya koya mini zamiyar. Duk Lahadi sai ya ɗauke ni a motarsa mu tafi dutse. Da farko tare da ƙananan yara nake faɗuwa a ɗan gangaren ƙasa, suna wuce ni suna dariya. A hankali ƙafafuna suka gane. Na koyi juyawa, na koyi tsayawa, na daina tsoron gudu. Hans ya ce bai taɓa ganin wanda ya girma a ƙasar zafi ya kama abin da wuri haka ba, ni kuma kaina ya kumbura.

Lahadin ƙarshe kafin in dawo ya ce yau za mu je babban dutsen, wanda ko 'yan garin ba kowa ke hawansa ba. Muka hau wasu kujeru da aka rataye a jikin waya, suka yi ta jan mu sama, ƙafafunmu na reto a kan kwari. Da muka kai ƙololuwa, gajimare yana ƙasa da mu. Ka taɓa tunanin haka? Sama shuɗiya fes, ko'ina fari har ido ya kasa jurewa. Hanyoyin sauka suna da alama, mai baƙar alama ita ce ta ƙwararru. Nan muka tsaya. Na leƙa, sai na ga kamar na tsaya a kan rufin masaƙa ina kallon ƙasa. Gangaren duk ya yi tudu-tudu kamar gonar doya. Hans ya zame ya tafi, na yi bisimilla na bi shi.

Ban san yadda zan faɗa maka daɗin ba. Iska tana dukan fuskata, katakan suna kankare ƙanƙara, ina juyawa tsakanin tuddan nan ɗaya bayan ɗaya. Na faɗi, na tashi, na ci gaba. Da na iso ƙasa ihu na yi da Hausa, mutane suna waiwayowa. Muka sake hawa, muka sake sauka. Tun da nake a duniya ban taɓa jin jikina da rai irin na ranar ba. Kuma duk tsawon wannan lokaci, da rigarka a jikina, a kan dutsen da kai ka yi mafarkinsa, ban tuna da kai ba ko sau ɗaya.

Bayan mun ci abinci Hans ya ce mu bar hanya mu shiga cikin itatuwa. Dogayen itatuwa ne masu ganye kamar allura, sun yi sahu a jikin gangaren, tsakaninsu dusar da ba wanda ya taka. Ya ce kada in kalli itace, in kalli filin da ke tsakani, kuma kada in yi nisa da shi. Na ji, amma daɗi ya ɗebe ni. Na ga wani fili a gefe na bi shi ni kaɗai. Bakin katakona ɗaya ya nutse, na ji ina juyawa a sama, sai ga ni a ramin da ke gindin wani itace, kaina a ƙasa, ƙafafuna a sama. Dusar ta zubo ta rufe ni. Ta cika mini baki da hanci. Duk motsin da na yi sai in ƙara nutsewa.

Shiru. Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Na samu na ture dusar daga bakina da hannu ɗaya, na fara kalmar shahada. A nan ne ka faɗo mini a rai. Sai da na ga mutuwa sannan na tuna da wanda ya mutu. Na ce a raina, ashe wannan ramin ma naka ne na karɓa?

Can sai na ji murya daga nesa tana ratsa itatuwa. Hans ne. Sunanka yake kira, Pita, Pita. Dogo, ban yi ko ɗar ba. Na buɗe baki da duk ƙarfina na ce na'am. Na sake cewa na'am. Da sunanka aka neme ni, da sunanka aka same ni. Shi da wasu matasa biyu suka tono ni suka jawo ni ta ƙafa. Tsohon yana haki, yana kakkaɓe mini jiki, yana faɗa da yarensu.

Ka san abin da na yi bayan nan? Da kai ne a matsayina, na san da ka zauna ka yi addu'a. Ni kuwa na sha shayi mai zafi, na dubi dutsen na ce wa Hans mu ƙara ɗaya kafin a tsayar da kujerun. Muka hau. Na sake yin ihu. Na sake mantawa da kai har muka shiga mota.

Da na dawo na kasa zuwa Sabon Tasha. Tsarabar Ladi ma Emeka na ba wa ya kai. In na hango wani ɗan cocinku a Kakuri sai in sauya hanya. Ran nan da la'asar na dawo daga aiki, sai na tarar da Maman Ladi zaune a tsakar gidana tare da matata Binta. Ita da take cikin rashi, ita ta hau bas ta zo yi mini sannu da zuwa. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Bayan mun gaisa ta tambaye ni ko na hau dutsen nan naka. Na ce na hau, amma ba wani abu ba ne, sanyi ne kawai da wahala, ba ka rasa komai ba. Ta dube ni. Sannan ta ce, Malam Salisu, ba don ka lallashe ni na zo ba. Ta ce a asibiti, zazzaɓi yana cin ka, ka yi ta tambayarta wai dusar nan tauri gare ta kamar ƙanƙarar firji ko laushi, ita kuma ba ta da amsa. Ta ce tun ranar tambayar take damunta, kuma ni kaɗai ne ta sani da ya taɓa ta da hannunsa.

Sai na faɗa mata gaskiya. Na faɗa mata kujerun waya, da gajimare a ƙarƙashin ƙafa, da gangaren, da ihun da na yi. Tana dariya tana share hawaye da bakin mayafi, ta ce da kai ne da ihunka ya fi nawa. Ramin da sunan ne kawai na kasa faɗa mata. Ban san ko zan taɓa iyawa ba.

To ga amsarka, ko da yake ta makara. A kan hanya, inda mutane suka tattake, tauri gare ta, in ka faɗi za ka ji a jikinka. Amma cikin itatuwa laushi ne da ita, ta fi audugar da muke sa wa inji laushi, in ka ɗiba a hannu ba ka jin nauyin komai. Da ka so ta, Dogo. Da ka fi ni iyawa.

Ka yafe mini. Allah ya kai haske makwancinka, ya raya Ladi.

Ni ne abokinka da ya tafi a madadinka,
Salisu, Tudun Wada.