Abincin da Aka Ci a Tsaye

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, irin wadda bakina ba ya iya yi idan muna tare. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jaririyarmu da har yanzu hotonta kawai na sani. Ya jego, ya rashin barci? Mu nan lafiya lau. 'Yan biyu suna ta ɓarnarsu, Baba yana hanya da motar kaya kamar kullum.

Yaya, akwai maganar da ban faɗa wa kowa ba. Na so in faɗa miki ranar da kika kira, amma wayar ta Umma ce, kuma tana kusa da ni tana yankan albasa. Shi ya sa na rubuta, direban da ke kai miki saƙo zai ba ki.

Umma ta faɗi a wurin aiki. Na je kai mata tabaranta da ta manta a gida, na same ta a ɗakin ajiya na gidan abincin. Ta tsuguna za ta ɗauko tukunya a ƙasan kanta, da ta zo tashi gwiwar ta ƙi. Ta dafa bango, hannun ya zame, ta zauna daɓas. Na kama hannunta na ja da duk ƙarfina, ko motsi ba ta yi ba. Sai da ta ja jiki ta kama ƙafar tebur sannan ta miƙe. Dariya ta yi, ta kaɗe zaninta, ta ce kada in kuskura in gaya wa kowa, musamman ke mai jego. Amma na ga idonta, ba na mai dariya ba ne.

Ta je asibiti. Likita ya ce nauyin jikinta ne ya yi wa gwiwar yawa, magani zai rage zafi kawai, sai ta rage ƙiba. Uwar ɗakinta kuma ta lura tana ɗingishi. Ta ce idan ƙafar ba za ta iya ba, za ta nemo wata ta riƙe manyan tukwane, Umma ta koma gida ta huta. Kin san Umma da murhun nan, tun ba a haife ni ba take kansa. Ranar da aka faɗa mata haka ko sallamar 'yan biyu ba ta amsa ba.

Maƙwabciyarmu mai ɗinki ta kawo mata wani shayi a kwali, wai yana narkar da kitse ana barci. Ba ta fara sha ba tukuna. Ni ban san abin da zan yi ba. Ke kin taɓa rage jiki, kin san hanya. Don Allah ki taimaka, amma kada ki nuna ni na faɗa.

Ki sumbaci jaririya a madadina.

Ƙanwarki,
Shiru-shiru

*

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Da fatan wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Ya ƙarfin jiki, ya 'yar tawa? An ce ta fara dariya, Allah ya raya mana ita.

Na gode, Yaya, na gode. Ina jin ku da kika kira Umma. Kika fara da hirar farashin kifi, kika bi ta kan ciwon bayanki, har ita da bakinta ta kawo maganar gwiwa. Ina bayan ƙofa ina ta murmushi ni kaɗai. Ko sau ɗaya ba ta kalle ni da zargi ba.

Shayin ya koma wurin mai ɗinki, kamar yadda kika ce kada ta sha abin da likita bai sani ba. Sauran shawarwarin ma mun kama. Babban farantinta mai hoton fure ya koma saman kabad, yanzu a ƙarami take ci, rabi ganye ne. Lemon kwalba ya bar gidan, sai ruwa. 'Yan biyu sun ce an sa su a kurkuku ba su yi laifin komai ba. Da yamma tana sauka daga mota kafin tashar gidanmu, ni kuma ina jiranta a wurin, mu tako a hankali. Idan gwiwar ta motsa mu zauna a dakalin mai gyaran takalma har ta lafa. Likita ya yarda da tafiyar, ya ce dai kada ta matsa.

To amma da muka koma asibiti aka ɗora ta a sikeli, allurar tana nan inda take. Umma ta sauko muka fito. A hanya ta ce ita dai jikinta haka Allah ya yi shi, ko iska ta sha ƙiba take yi. Ta rantse tun safe har yamma ba ta zama ta ci abinci a wurin aiki. Kuma gaskiya ta faɗa, Umma ba ta ƙarya.

Ranar Asabar na roƙe ta in bi ta in taya ta gyaran wake. Na zauna a kusurwa da tire a cinyata, ina kallo. Yaya, ba ta zauna ba kam. Amma ta ɗanɗana miya da ludayi, ba da cokali ba. Ta ƙara gishiri ta sake ɗanɗanawa. Ta ɗebi shinkafa ta ji ko ta nuna. Kifin da ya fashe a mai, wanda ba za a kai wa mai saye ba, ya tafi bakinta. Dankalin da ya ƙone a gefe ma haka. Da aka kwashe tukunya ta kankare ƙanzo, ta ce zubar da abinci alhaki ne. Da muka dawo gida 'yan biyu suka rage taliya, ta share kwanukan tana tsaye a bakin famfo. Sannan ta zauna da ɗan farantinta, ta ce wa Baba yau ko loma ba ta sa a bakinta ba sai yanzu.

Ba ta sani ba ne, Yaya. A wurinta abin da aka ci a tsaye ba ci ba ne.

Ta yaya zan kalli Umma in ce mata tana ci da yawa? Ko ke za ki faɗa mata?

A gaishe da maigida.

Ƙanwarki mai godiya,
Shiru-shiru

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum, gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Ya gida, ya reno? Takardarki ta iso, da 'yan kunnen da kika saka a ciki. Na gode ƙwarai, ban cire su ba tun ranar.

Da farko na ji haushi da kika ce ba za ki faɗa mata ba. Kin ce ke ba ki gani da idonki ba, za ta musa, kuma za ta gane akwai mai kai rahoto. Kin ce idan bakina ya kasa, in nemi abin da zai yi magana a madadinsa. Na yi ta juya wannan maganar har na samu dabara.

Asabar da ta wuce na sake bin ta. Na ɗauki wani kwanon roba na ajiye a ƙarƙashin teburin da nake aiki. Duk abin da Umma ta kai baki, sai in tashi in ɗebi kamarsa in zuba a kwanon. Ludayin miya, ludayin miya. Gutsuren kifi, gutsuren kifi. Iya mai wanke-wanke ta gan ni, ta tambaya ko kyanwa nake kiwo a ɓoye. Na girgiza kai kawai. Ina ta tsoron kada uwar ɗakin ta shigo ta ce sata nake yi. Kafin la'asar kwanon ya cika, na ƙara da murfin tukunya.

Da aka tashi, Umma ta ce mu yi sauri, yunwa take ji, yau ba ta ci komai ba. Sai na jawo kwanon da murfin na ajiye a gabanta. Ta tambaye ni na wane ne. Na sunkuyar da kai na ce duk abin da ta ɗanɗana ne na auna. Iya ta fashe da dariya har da riƙe ciki, ta ce wannan ai abincin leburori biyu ne da ɗan rakiyarsu. Umma ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallon kwanon, sannan ta ce, “Duk wannan ni na ci?”

A mota ta juya fuska wajen taga. Na yi ta kuka a zuci, na ce na kunyata ta gaban abokiyar aikinta, da na sani na jira Iya ta fita. Washegari da safe ina shara ta kira ni. Ta ce na yi mata rashin kunya, kuma na yi mata gaskiya, ba ta san wanne za ta fara biya ba. Sai ta ja kunnena kaɗan ta ce, “Ashe ke bakinki a hannu yake.”

Yanzu ga yadda muke yi. Ta rataye ludayin ɗanɗano, ta koma ƙaramin cokalin shayi, kuma sai miya ta kusa sauka. Kifin da ya fashe da ƙanzo ana tara su a kwano a ba masu sauke kaya, suna ta sa albarka, ba alhakin kowa. Ragowar 'yan biyu kuwa, na rage musu zubi tun farko, idan ba su ƙoshi ba su ƙara. Likita kuma ya ce kuskure ne ta wuni ba ta zauna ta ci ba, yunwar ce ke tura hannunta tukunya. To Umma ta ce ita ba za ta iya zama ita kaɗai tana ci kamar baƙuwa a kicin ɗinta ba. Don haka idan an tashi daga makaranta can nake wucewa. Mu kifa bokiti biyu a bayan kicin, mu ci tare a zaune, a hankali. Har hira take ba ni ta lokacin da kike ƙarama, wai kin taɓa cinye sukarin gidan kika ce tururuwa ce.

Wani lokaci ta miƙo mini cokalin ta ce in ji. Shekaranjiya na ce gishiri bai ji ba, a gaban kowa, da ƙarfi. Iya ta ce a rubuta ranar, bebiya ta yi magana.

Allah ya saka miki da alheri, Yaya.

Taki,
Shiru-shiru

*

Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, kuma zazzaɓin haƙorin 'yar tawa ya sauka. Kowa a nan yana gaishe ku, har Iya da ba ta san ki ba.

Albishirinki. Allurar sikeli ta motsa. Ba da yawa ba, amma likita ya ce haka ake so, sannu ba ta hana zuwa. Umma ta ƙara ɗaure zaninta ciki. Gwiwar tana ciwo har yanzu, musamman da safe, amma jiya ta tsuguna ta ɗauko tukunya ta miƙe da kanta, ta waiwayo ta ga ko na gani. Na gani. Uwar ɗakinta ta ce za ta dakata da maganar neman wata har bayan dogon hutu, ta ga yadda ƙafar za ta yi. Lokacin ne kuma aikin ya fi yawa, ga cinikin masu hutu, ga tukwane ba sauka.

Duk wannan ke ce sila. Ban san da wane baki zan gode miki ba, kin san nawa ba shi da yawa.

Na karanta inda kika ce in zo in yi hutun nan a wurinki, har kin gyara mini gado kusa da na jaririya. Yaya, na karanta wurin ya fi a ƙirga. Ban taɓa tafiya mai nisa ba, kuma ba abin da nake so kamar in goya ta kafin ta yi wayo ta ƙi ni. Har na sauko da jaka na fara ninke kaya.

Sai makon jiya aka tsare mu a makaranta saboda jarrabawa, kwana biyu ban je kicin ba. Iya ta gaya mini a kwanakin nan Umma ba ta zauna ba. Bokitin yana kife, ta wuce shi ta koma wa ludayi. Ba don ta manta ba ne. Iya ta ce mata ta zo su ci tare, ta ce sai anjima, anjimar ba ta zo ba. Idan na tafi hutun nan gaba ɗaya, na san abin da za a tarar, kuma uwar ɗakin ba za ta sake jira ba.

Ban gaya wa Umma kin gayyace ni ba, don na san cewa za ta yi in tafi, har ta raka ni tasha. Ke ma don Allah kada ki tayar da maganar a waya. Idan ƙafar ta yi ƙarfi, wani hutun za mu zo mu biyu, ta hau matakalar gidanku da kanta. Ki riƙa nuna wa 'yar tawa hotona kafin nan.

Na kwashe kayan na mayar cikin kabad, jakar kuma na tura ta ƙarƙashin gado. Gobe ƙarfe biyu ina bayan kicin.

Ki huta lafiya.

Ƙanwarki har kullum,
Shiru-shiru